Sarkin Haɗeja Muhammadu Mai Shahada

Mu 'yan ƙasar Haɗeja, tun daga Kafin Hausa har Auyo, da labarin sarkin nan muka tashi. Ɗan Sarki Haru ne, ya ci sarauta cikin 1885. Ko da Turawa suka ci Kano cikin 1903, bai saki jiki da su ba. Cikin watan Afrilu 1906, bayan rigimar Satiru, Gwamna Lugga ya tura masa runduna. Aka aika ya bi, ya ƙi. Barade suka yi ta sukuwa bisa bindiga mai ruwa, da mashi da takobi, abin tausayi! Aka kutsa cikin birni ana gwabzawa lungu lungu. Sarki bai gudu ba. Nan ya faɗi, shi da waɗansu 'ya'yansa da manyan jarumawansa. Turawa suka naɗa Haruna.