Sarki Khama na Uku

Can kudancin Afirka, inda hamadar Kalahari take, akwai wata ƙasa mai suna Botsuwana. Ku nemo ta bisa taswira. Yawancin mutanenta Tsuwana ne. Suna noman dawa, amma a da babbar dukiyarsu shanu ce. Mai shanu da yawa yakan ba maras shi aron saniya, ya yi kiwonta, ya sha nono da iyalinsa.

A cikin waɗannan mutane aka haifi Khama, wajen shekara ta 1837. Ubansa Sekgoma shi ne sarkin Bamangwato, wani babban reshe na Tsuwana. A 1860 Khama ya shiga addinin Kirista. Wannan ya sa suka yi shekaru ba su jituwa da ubansa. A 1875 sarauta ta tabbata a hannunsa.

Sarkin Tsuwana ba ya yanke magana shi kaɗai cikin ɗaki. A tsakiyar gari akwai filin taro da ake kira kgotla. Nan magidanta suke haɗuwa, kowa ya faɗi ra'ayinsa, sarki yana saurare. Khama mutum ne mai tsanani. Ya hana shigo da giyar Turawa ƙasarsa, ya kori ƴan kasuwar da suka ƙi ji. Da ruwa ya yi ƙaranci a garin Shoshong, ya tashi da jama'arsa a 1889 zuwa Palapye. A 1902 suka koma Serowe.

Tun 1885 ƙasar tana ƙarƙashin kariyar Ingila. Bayan shekara goma sai labari ya zo: za a danƙa ta ga kamfanin wani attajiri, Sesil Rodas. Khama ya ga yadda kamfanin ya ƙwace gonaki da shanun maƙwabtansa Ndebele. Bindigogin Tsuwana kuwa ba su iya tare shi.

Sai Khama da sarakuna biyu, Sebele da Bathoen, suka shiga jirgin ruwa har Ingila, a 1895. Suka bi gari gari suna yi wa jama'a bayani, tafinta yana fassarawa. Mutane da yawa suka goyi bayansu. Suka gana da ministan mulkin mallaka, suka gaida Sarauniya Biktoriya. Sun saki wani yanki don hanyar jirgin ƙasa, amma ƙasashensu ba su faɗa hannun kamfanin ba.

Khama ya rasu a 1923. Kabarinsa yana bisa wani tudu a Serowe, da siffar gada ta tagulla a kansa, don gada ce alamar Bamangwato. Jikansa Seretse Khama shi ne shugaban Botsuwana na farko, da ta sami ƴancin kai a 1966.