Karl Henke, ma'aikacin gidan waya mai neman taurari

An haifi Karl Henke ran 8 ga watan Afrilu na shekarar 1793, a wani ƙaramin gari mai suna Dirizen. A lokacin garin yana cikin Purusiya, ɗaya daga cikin ƙasashen Jamusawa. Yau yana cikin ƙasar Polan.

Da Henke ya zama saurayi, sai ya shiga soja don a yaƙi Napoleyon, sarkin Faransa. A shekarar 1813 aka ji masa rauni a fagen fama. Daga nan ya bar soja, ya kama aikin gidan waya. Da rana yana fama da wasiƙun mutane. In dare ya yi, sai ya ɗauki madubinsa na hangen nesa, ya yi ta kallon sama. Ba aikinsa ba ne, kuma ba wanda yake biyan shi. Sha'awa ce kawai.

Mi yake nema? Kun san duniyarmu tana kewaya rana. Akwai wasu duniyoyi masu kewaya rana kamar ta. Tsakanin biyu daga cikinsu, Mars da Jupita, akwai duwatsu manya da ƙanana, su ma suna kewaya rana. Ba su da hasken kansu, hasken rana suke maidowa. Daga 1801 zuwa 1807 masana sun gano huɗu: Seres, Palas, Juno da Besta. Daga nan shiru. Shekaru suka wuce ba a ga na biyar ba, har masana da yawa suka daina nema.

Henke bai fid da rai ba. A shekarar 1830 ya fara nasa nema. Aikin da wuya, don a cikin madubi dutsen sama da tauraro kamarsu ɗaya: ɗan ɗigon haske ne. Amma akwai bambanci. Taurari ba sa barin junansu, kowane yana wurinsa tsakanin ƴan uwansa. Dutsen sama kuwa matafiyi ne. Inda ka gan shi yau, gobe ya ɗan gusa. Saboda haka Henke ya riƙa gwada abin da ya gani da taswirar taurari, ɗigo bayan ɗigo. Haka ya yi har shekara 15.

Ran 8 ga watan Disamba na 1845 da dare, ya ga wani ɗigo wanda babu shi a taswira. Ya auna wurinsa, ya rubuta. Amma gani ɗaya bai isa ba. Abu mai tafiya, in ba a bi sawunsa ba, ɓacewa yake yi. An taɓa yin haka da Seres a 1801: ta ɓace cikin hasken rana wata da watanni, sai da wani gwanin lissafi mai suna Gaus ya nuna inda za a neme ta.

Don haka Henke bai ɓoye abin da ya gani ba. Ya aika da labari birnin Berlin. Shugaban gidan binciken taurari na can, sunansa Enke, ya duba da babban madubi bayan ƴan kwanaki. Ya sami ɗigon, kuma ga shi ya gusa daga inda Henke ya gan shi. Masana na wasu garuruwa suka shiga auna shi dare bayan dare. Da waɗannan awo aka lissafa hanyarsa. Aka sa masa suna Astareya. Faɗinsa ya fi kilomita 100, yana kewaya rana sau ɗaya cikin shekara 4 da ɗan kai. Shi ne dutse na biyar, shekara 38 bayan na huɗu.

Sarkin Purusiya ya yanka wa Henke kuɗin da za a riƙa ba shi kowace shekara. Henke bai kwanta ba. Ran 1 ga watan Yuli na 1847 ya gano na shida, Gaus ya raɗa masa suna Hebe. Ganin haka, masu nema suka sake ɗaura ɗamara. Lokacin da Henke ya mutu, ran 21 ga watan Satumba na 1866, an san kusan 90. Yau an san fiye da miliyan ɗaya. Guda daga cikinsu, mai lamba 2005, sunan Henke yake ɗauke da shi. Mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa.

Tambayoyi

1. Wane aiki Henke yake yi da rana?
2. Ƙaƙa ake bambanta dutsen sama da tauraro?
3. Don mi Henke ya aika da labari Berlin?
4. Daga 1807 zuwa 1845 shekara nawa ke nan?