Abdou Moumouni: ɗan Tasawa da ya sa rana aiki

Ɗaliban da ke karatun makamashi a jami'o'in Sahel, daga Yamai har Marwa, suna bin hanyar da wani malami ya share tun lokacin da mutane kaɗan ne suka ɗauki hasken rana a matsayin dukiya. Shi ne Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda babbar jami'ar Nijar ke ɗauke da sunansa.

An haife shi ranar 26 ga watan Yuni 1929 a Tasawa, cikin jihar Maraɗi ta yanzu, ko da yake asalin gidansu Zabarmawa ne na Kirtashi. Ya fara karatu a Damagaram da Yamai, sannan ya wuce makarantar William Ponty ta Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da ma'aikatan ƙasashen da take mulka. Daga nan ya tafi Paris ya karanta kimiyyar fizik. A 1956 ya ci agregasiyo, jarrabawa mafi wuya ta zama malami a tsarin Faransa, kuma shi ne na farko daga ƙasashen baƙar fata renon Faransa da ya ci ta a wannan fanni.

Da wannan takarda zai iya zamansa a Turai cikin rufin asiri, amma ya dawo ya koyar a Dakar. A 1958, da Gini ta zaɓi 'yanci Faransa kuma ta janye ma'aikatanta, yana cikin malaman Afirka da suka tafi Konakiri don kada azuzuwa su zauna ba malami. Daga 1962 zuwa 1964 ya zurfafa bincike kan makamashin rana a Tarayyar Sobiyet. Bayan haka ya koyar a Bamako, ya kafa wa Mali ɗakin binciken makamashin rana.

Digirinsa na dakta, wanda ya kammala a Paris a 1967, kan madubi mai siffar ƙwarya ne. Irin wannan madubi yana tattara hasken da ya faɗo masa ya tura shi wuri guda, sai zafi ya taru har ya tafasa ruwa ko ya dafa tukunya. Ga wanda ya san wahalar mata wajen neman itace, da yadda sarar daji ke buɗe wa hamada ƙofa, amfanin binciken a fili yake.

A 1969 ya koma gida ya karɓi ragamar ONERSOL, hukumar makamashin rana ta Nijar, ya riƙe ta har 1985. A ƙarƙashinsa aka ƙera tukwanen ɗumama ruwa, da murhun rana, da na'urar tace ruwa, a Yamai da hannun 'yan ƙasa. Ya kuma yi aiki da kamfanin Spilling na Jamus wajen ƙera injin da zafin rana ke juyawa. Tsakanin 1979 da 1982 ya shugabanci Jami'ar Yamai.

Ra'ayinsa kan karatu ya fito a littafinsa na 1964, L'Éducation en Afrique. A ciki ya soki makarantar mulkin mallaka da ke raba yaro da mutanensa, ya nemi a koyar da yara cikin harsunan Afirka, a kuma haɗa karatu da aikin hannu. Abin da ya yi a ONERSOL ke nan: lissafin allo ya koma kayan da maƙeri zai iya bugawa.

Ya rasu a Yamai ranar 7 ga watan Afrilu 1991. Shekara guda bayan haka aka sa wa jami'ar sunansa.

A arewacin Kamaru, maganarsa ba ta tsufa ba. Wutar Garwa da Marwa da Ngaundere ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72. Duk shekarar da damina ta gaza, ruwa ya ja baya, sai a shiga rabon wuta. Wannan ne ya sa aka kafa tashoshin hasken rana a Marwa da Gidar, waɗanda suka fara aiki da megawat 30 a haɗe. Ƙauyukan da ke nesa da layin wuta kuwa, irin na ƙasar Rai Buba, faifan sola ne ke cajin waya ya kunna fitila.

Jami'ar Marwa tana da sashen makamashi mai sabuntawa a makarantarta ta injiniyoyi. Yawancin faifai da baturan da ake gani a kasuwannin Garwa daga waje ake shigo da su, kuma idan sun lalace mai gyara ya kan yi wuyar samu a karkara. Aikin da ke jiran ɗaliban wannan sashe shi ne wanda Abdou Moumouni ya fara a Yamai: su san kayan ciki da waje, su iya gyara su, har su kai ga ƙera nasu.