Alhasan Ɗantata, ɗan kasuwa mai amana

An haifi Alhasan Ɗantata a shekara ta 1877 a garin Bebeji, kusa da Kano, cikin ƙasar Nijeriya ta yanzu. Iyayensa Agalawa ne, fatake masu safarar goro. Yana ɗan yaro mahaifinsa ya rasu. Wata tsohuwa mai suna Tata ce ta rene shi. Shi ya sa ake ce masa Ɗantata.

Alhasan ya yi karatun allo. Yana kuma taɓa ƴan saye da sayarwa. Abin da ya samu, sai ya jefa cikin asusu. Da ya girma, ya shiga fataucin goro tsakanin ƙasar Gwanja, a Gana ta yanzu, da ƙasar Hausa.

A zamanin nan, yawancin ciniki da baki ake ƙulla shi. Mutum zai ɗauki kaya bashi, ya yi wata da watanni a kan hanya. Idan ya komo ya biya, gobe a ƙara masa. Idan ya ci amana, labari ya bazu cikin zango, ba mai sake ba shi ko ƙwaryar goro. Alhasan ya yi suna wajen cika alkawari.

Wajen shekara ta 1912, jirgin ƙasa ya fara ɗaukar kaya daga Kano zuwa bakin teku. Turawa suna son gyaɗa, wadda muke ce ma gujiya, don su tatsi mai. A 1918 wani babban kamfaninsu ya nemi Alhasan ya riƙa saya masa. Kamfani ya kan ba shi kuɗi tun kafin kaka. Shi kuma ya rarraba ma yaransa, su shiga ƙauyuka su sayo daga manoma. Da mutum guda zai gudu da kuɗi, ko ya tauye mudu, da duka sun yi hasara. Turawa sun amince da Alhasan, shi ma ya amince da yaransa. Haka buhunan gyaɗa suka yi ta taruwa a Kano, ana jera su kamar tsauni.

A 1929 aka buɗe banki a Kano. Alhasan ya kai ajiyar kuɗin azurfa, kayan raƙumi 20. Ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Ya rasu a Kano ranar 17 ga watan Agusta, 1955. Ƴaƴansa da jikokinsa suka ci gaba da kasuwanci.

Yara, maraya ne ya kai wannan matsayi. Jarinsa na farko shi ne yardar da mutane suka yi da maganarsa.

Tambayoyi

1. Mi ya sa ake ce masa Ɗantata?
2. Mi ke samun falken da ya ci amana?
3. An aike ka kasuwa, mai kanti ya yi kuskure ya ƙara maka canji. Yaya za ka yi?
4. Ka tambayo iyayenka karin magana guda a kan gaskiya.