Martin Luther King: Limamin da ya fito daga coci ya shiga gwagwarmaya

An haifi Martin Luther King ran 15 ga watan Janairun 1929 a birnin Atlanta na jihar Jojiya da ke kudancin Amurka, a zamanin da doka ta raba baƙar fata da Turawa a makarantu da motocin haya. Ya gaji mahaifinsa a aikin limancin cocin Baptist, kana ya sami digirin digirgir a Jami'ar Boston a 1955.

A watan Disambar wannan shekarar aka kama Rosa Parks a birnin Montgomery saboda ta ƙi tashi ta ba wani Bature kujera a bas. Matashin limamin ne ya jagoranci ƙaurace wa motocin har tsawon kwana 381, sai da Kotun Ƙoli ta haramta wannan wariya.

Sai dai ba duka malaman Kirista ne suka amince da tafarkinsa ba. Wasu na ganin aikin limami shi ne wa'azi da shiryar da zukata, a bar siyasa ga ma'abotanta. A 1963, lokacin da aka tsare shi a Birmingham, shugabannin addini takwas, dukansu Turawa, sun yi kira da a dakatar da zanga-zanga a koma kotu.

Daga kurkuku ya ba su amsa a wata doguwar wasiƙa. Hujjarsa ita ce dokar zalunci ta saɓa wa dokar Ubangiji, kuma shirun masu ibada shi ke ƙarfafa azzalumi. Amma ya gindaya wa mabiyansa sharaɗin kada su rama duka da duka.

Gwagwarmayar ta share fagen kafa dokar kare haƙƙin jama'a a 1964, shekarar da ya karɓi lambar yabo ta Nobel, da kuma dokar 'yancin zaɓe a 1965.

King bai manta da Afirka ba. Ya halarci bikin samun mulkin kan Ghana a 1957, da rantsar da Nnamdi Azikiwe a matsayin Gwamna Janar a Legas a 1960.

Sukar da ya yi wa yaƙin Vietnam a 1967 ta janyo masa asarar magoya baya da dama. An harbe shi ran 4 ga watan Afrilun 1968 a Memphis, inda ya je mara wa masu kwashe shara baya a yajin aikinsu. Ya mutu yana da shekara 39.