TARIHIN MARIGAYI MATT BUSBY, UBAN MANCHESTER UNITED

Jama'a masu karatu, samarinmu da yawa kan ta da jijiyar wuya a kan Manchester United, amma in ka tambaye su wanda ya aza harsashin wannan daula sai ka ji tsit. To, mutumin shi ne Matt Busby, wanda ya riƙe kulob ɗin shekara 24 cur.

An haife shi ran 26 ga Mayu, 1909, a ƙauyen Orbiston cikin Sikotilan, garin masu haƙar kwal. Bai cika shekara takwas ba aka kashe mahaifinsa a Yaƙin Duniya na Farko. Shi ma sai da ya ɗanɗana aikin ramin kwal kafin tamaula ta fid da shi. Abin mamaki, manyan abokan hamayyar United ya buga wa ƙwallo: Manchester City daga 1928, inda ya ci kofin FA a 1934, sannan Liverpool daga 1936, har ya zama kyaftin ɗinsu.

A 1945 aka ba shi manajan United. Kango ya tarar, don jiragen Jamus sun ragargaza filin Old Trafford tun 1941, sai aron filin City suke yi har zuwa 1949. Ya kafa sharaɗi tun farko: shi zai horar da yara, shi zai zaɓi masu buga wasa, saye da sayar da 'yan wasa kuma a hannunsa. A lokacin ba kasafai manaja ke samun irin wannan iko ba. Ya ci kofin FA a 1948, ya ci gasar lig a 1952.

Da tsofaffin 'yan wasansa suka fara gajiya, bai ruga kasuwa ba. Shi da mataimakinsa Jimmy Murphy suka riƙa ɗauko yara daga makaranta suna rainonsu. Waɗannan samari ne suka ci lig a 1956 da 1957. Ya kuma kai su gasar kofin Turai, duk da hukumar lig ta Ingila ba ta so ba.

Ran 6 ga Fabrairu, 1958, suna dawowa daga wasa a Belgirad, jirginsu ya sauka Munik shan mai. Ana ta zuba dusar ƙanƙara. A yunƙurin tashi na uku jirgin ya kasa ɗagawa, ya zarce ya yi karo da wani gida. Mutum 23 suka rasu, takwas cikinsu 'yan wasa, har da kyaftin Roger Byrne da Duncan Edwards, ɗan shekara 21. Busby kansa an fid da rai da shi, don sau biyu limamin coci yana yi masa addu'ar da 'yan Katolika ke yi wa mai gargara. Ya yi mako tara a asibiti.

Ciwon jiki ya warke, na zuci ya ƙi. Gani yake shi ya nace a tafi Turai, yaran da iyaye suka ba shi amana kuwa ga su a kabari. Ya ƙudurta barin harkar baki ɗaya, sai matarsa Jean ta nuna masa cewa ci gaba da aikin shi ne haƙƙin mamatan a kansa.

Ya koma ya sake gini daga tushe. Ya haɗa Bobby Charlton, wanda ya tsira a haɗarin, da Denis Law da George Best. Kowannensu sai da ya zama gwarzon ɗan wasan Turai. Kofin FA ya dawo a 1963, lig a 1965 da 1967. Ran 29 ga Mayu, 1968, shekara goma bayan Munik, United ta lallasa Benfica ta Fotugal da ci 4 da 1 a Wembley, ta zama kulob na farko daga Ingila da ya ɗauki kofin Turai. Charlton ya jefa biyu. A shekarar ce Sarauniya ta ba Busby muƙamin Sir.

Gaskiya ɗaya ce, shi ma yana da nasa kuskure. Da ya sauka a 1969 bai yi nisa da kulob ɗin ba, inuwarsa ta danne waɗanda suka gaje shi, Wilf McGuinness da Frank O'Farrell. Har ya koma kujerar na ɗan lokaci daga 1970 zuwa 1971. A 1974 United ta faɗa rukuni na biyu.

Ya yi tsawon rai har ya ga Alex Ferguson ya dawo da kofin lig a 1993, bayan shekara 26 ana jira. Ya rasu ran 20 ga Janairu, 1994, yana da shekara 84. Titin da ya bi ta gaban Old Trafford sunansa yake ɗauke da shi.

Sau biyu wannan bawan Allah ya tarar da kango, sau biyu ya gina shi da haƙuri da rainon na ƙasa. Shugabanninmu na ƙungiyoyi da kulob-kulob na unguwa, ga abin koyi nan.