John McEwen Dalziel

John McEwen Dalziel (1872–1948) likita ne ɗan Birtaniya kuma masanin tsirrai, wanda aka san shi da aikin daidaita sunayen itatuwa na Hausa da sunayensu na kimiyya. An haife shi a Nagpur ta ƙasar Indiya. Ya yi aikin likitancin mishan a Sin daga 1895 zuwa 1902, sannan ya shiga aikin lafiya na gwamnatin mulkin mallaka a Afirka ta Yamma.

A Arewacin Najeriya ya tattara tsirrai a wurare da dama, har da Lardin Sakkwato, wanda a lokacin ya haɗa da Talata Mafara da Bakura da Maradun. Aikin ba mai sauƙi ba ne: itace ɗaya kan sami suna biyu ko uku, suna ɗaya kuma kan hau kan tsirrai daban-daban, kuma a harkar magani kuskuren ganye na iya jawo illa. Saboda haka sai an busar da samfuri an gwada shi da waɗanda ke ajiye a lambun Kew kafin a tabbatar.

A 1916 ya wallafa A Hausa Botanical Vocabulary, inda mai karatu zai ga cewa sabara, alal misali, ita ce Guiera senegalensis. Daga baya shi da John Hutchinson suka rubuta Flora of West Tropical Africa, a 1937 kuma ya fitar da The Useful Plants of West Tropical Africa. Itacen hano, wato ararraɓi, sunansa yake ɗauke da shi a kimiyyance: Boswellia dalzielii.